Kan Talatu Mai Shara Da Hotonta A Kalandar Ƙungiyarmu

Zuwa ga Hajiya Shugaba,
Ƙungiyar Matan Layinmu,
Gwallameji, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ina kuma yi miki ban gajiyar hidimar jama'a, Allah ya ba da lada gwargwadon niyya.

Ni ce Malama Rakiya, tsohuwar malamar firamare, mai gidan ƙarshen layi. Takardar dakatarwar da kika aiko mini ta iso, na gode. Ban so maganarmu ta fito bainar jama'a ba. Sau biyu ina zuwa gidanki ana cewa kina barci, alhali ina jiyo dariyarki a waya daga falo. Na rubuta a guruf ɗinmu na waya, kafin in ajiye tabarau an cire ni. To, tun da ƙofa a rufe take, sai in yi magana ta taga.

Saboda masu karatun da ba su san ta ba, Talatu mace ce da ke zaune a Gwallaga. Ba 'yar aikin kowa ba ce, aikin kanta take yi. Gida huɗu take bi a layinmu, har da nawa da naki, kowane gida da ranarsa. Ta yi shara da goge-goge, ta wanke banɗaki, a ƙarshen wata kowa ya ba ta naira dubu biyar. Shekara da shekaru a haka, ko cokali ba a taɓa cewa ya ɓata ba. Mijinta, Malam Sani, ɗan acaɓa ne, kuma suna da 'ya'ya huɗu.

Na farko, batun doka. Da cutar korona ta shigo aka ce kowa ya zauna a gida, kin aiko da saƙon murya cewa kada mai shara ta sake shiga gidan kowa. Na goyi bayanki, domin ina fama da hawan jini da ciwon suga, ba ni da ƙarfin gwada sa'a. Sai kika ƙara da doka ta biyu, wadda na haddace saboda daɗin faɗarta: “Ba aiki, ba biya.” Kika ce mu haɗa kai, kada wata ta biya ta ɓata mana masu shara.

Ranki ya daɗe, doka ce mai kyau. Kuskurena kawai shi ne na zata ta shafi kowa. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce, an ce ki zauna a gida, kin kuwa zauna, albashi bai fasa shigowa ba. Mataimakiyarki makarantarsu a rufe take, ita ma ban ji ta mayar da ko sisi ba. Ni kaina fanshon aikin da na bari tuntuni ya ci gaba da zuwa, a makare kamar yadda ya saba. Ashe a duk layin nan mai tsintsiya ce kaɗai ya kamata ta yi gumi kafin ta ci.

Na kuma ƙaru da ilimi game da cutar kanta. Ban san tana da zaɓe ba sai a layinmu. Mai gyaran janareta ya shiga gidanki ya fita lafiya. Tela ya zo awon ɗinkin salla. Mai ƙunshi ta wuni a tsakar gidanki, tana riƙe da hannuwan 'yan matanki. Duk cutar ta kawar da kai, tana jiran Talatu.

Na biyu, laifina. Ban musa ba, na ci gaba da biyanta. Ba don kuɗi sun yi mini yawa ba. A kwanakin ne aka hana acaɓa, hannu biyu na gidansu suka ɗaure lokaci guda, ga azumi ya kama. Ni kuma na san ba ita ta ƙi zuwa ba, ni na ce kada ta zo. Sai na riƙa ba wani mai keke maƙwabcinsu yana kai mata. Talatu ba ta iya ɓoye alheri ba. Ta kira mataimakiyarki ta yi mata barka da shan ruwa, a cikin hira ta sa mini albarka, shi ke nan asirina ya tonu. Kuka yanke mini tarar naira dubu biyu saboda “karya haɗin kan mata.” Na biya. Daga baya ma'aji ta shaida mini cewa an zuba kuɗin a asusun tallafa wa gajiyayyu, na ce madalla, ko ba komai horon da aka yi mini zai shiga cikin wani.

Na uku, ranar tallafi. A goman ƙarshe na azumi kuka kafa rumfa a ƙofar gidanki, kuka jera buhuna. Ke da kanki kika kira Talatu a waya, kika ce ta zo akwai saƙo. Baiwar Allah ta ɗauka kuɗin watannin nan ne zuciya ta yi laushi za a ba ta. Ta ranci kuɗin keke, ta sa hijabinta na zuwa biki. Da ta iso aka nuna mata layi, aka miƙa mata mudu biyu na shinkafa da ledar taliya. Mai ɗaukar hoto ya ce ta sauke takunkumi don fuskarta ta fito, ta ɗan rusuna, ke kuma ki dafa kafaɗarta. Matar da wata biyu ba ta isa ta taɓa tsintsiyarki ba, ga ta a jikinki babu takunkumi. Ina jin a wannan yammacin ma cutar hutu ta ɗauka.

Daga nan gidana ta nufo. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya da ledarta a hannu, idonta ya yi ja. Abin da ta ce da ni kawai shi ne, “Malama, ni fa na zata kuɗin aikina ne.” Shinkafar dai ta kai gida, yara sun ci, ba zan rage miki wannan ladan ba.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da sabuwar shekara ta kama kuka buga kalandar ƙungiya. A tsakiya ga ki nan cikin leshi, ga Talatu a rusune, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: “Muna share hawayen gajiyayyu.” Ita ta share muku ɗakuna shekaru, ku kun share mata hawaye a takarda. Kuka raba kalandar shago-shago, har ɗaya ta kai teburin mai shayin da 'yan acaɓan Gwallaga suke zama. Tun daga ranar Malam Sani ya samu sabon suna a bakin abokansa, wai “mijin gajiyayya.” Yayansa ya kira shi ya ce matarsa ta tona asirin zuriya, ta je bara unguwar masu kuɗi har an buga ta a bango. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta.

Ta fi wata a ƙauyensu. Babbar 'yarsu ta daina zuwa makaranta, ita ce girki ita ce rainon ƙanne. Ni da limamin unguwarsu muka yi ta sintiri, da waɗannan gwiwoyin nawa da kika sani, ina rantse wa Malam Sani cewa matarsa ba roƙo ta je ba, kiranta aka yi. Da ƙyar ya sauko. Ranar da muka dawo da ita ɗakinta, ban ga ko ɗaya daga cikin masu share hawaye ba, alhali a ranar akwai hawayen sharewa sosai.

Na biyar, takardarki ta ce an dakatar da ni ne saboda na hure wa Talatu kunne ta daina zuwa gidajenku. Hajiya, kin ba ni girman da ban kai ba. Da aka sassauta doka kika aika mata cewa ta dawo bakin aiki, ta ce a gaishe ki. Yanzu ranar Asabar tana gidana, sauran kwanakin tana wajen matan sojoji a Shadawanka, waɗanda suka ji labarin aikinta suka neme ta. Na ji an ce tun daga lokacin kin canja masu shara uku. Allah ya haɗa ki da mai haƙuri.

Ga roƙona, kuma ba shi da yawa.

Ki sa a bi shagunan nan a karɓo kalandar. Guda uku na riga na saya da kuɗina a hannun masu shago, har ɗayansu yana mamakin tsohuwa mai son kalanda haka. Sauran sun fi ƙarfin fanshona.

Ki sa a goge hoton a duk inda aka watsa shi a waya. Idan dole sai an ga alherin ƙungiya, a bar rabin da kike ciki, leshin ya fito da kyau.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka sake kulle gari, ina ba da shawara mu fara zartar da dokar a kan kanmu. Duk wadda ta mayar da albashinta baitulmali, ita ce za ta fara hana mai shara nata.

Dakatarwar da aka yi mini kuwa, kada a wahalar da kwamiti wajen ɗage ta. Na same ta da daɗi.

Kafin in aika da wasiƙar nan na karanta wa Talatu ita, domin sunanta ne a ciki, ba zan fitar da shi ba da izininta ba. Na tambaye ta ko in nema mata kuɗin watannin da ba ku biya ba. Ta matse tsumman goge-goge, sannan ta ce in rubuta miki cewa kuɗin ta yafe duniya da lahira, hoton ne ba ta yafe ba. Na rubuta kamar yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, ya raya miki zuriya. Allah ya rufa miki asiri, ya sa duk ranar da za ki nemi taimako a wurin wani, a ba ki a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

Wassalam.

Taki,
Malama Rakiya,
Gwallameji, Bauchi.