Kada Ka Taɓa Jan Maɓallin Nan

Baba,

Na fita tun kana barci, na bi motar farko zuwa Puerto Montt.

Jiya da yamma, kana wurin likita, Don Nibaldo makaniki ya zo duba injin ɗumama gidan. Ya ce bakin wutar ya mutu, na'urar da ke daidaita zafi ma ta tashi aiki. Su na tafi nemowa, don babu irin na tsohon injinmu a nan Osorno.

Da ya buɗe cikin, sai ya ja da baya. Ya ce, "Doña Herminia, wa ke danna jan maɓallin nan?" Na gane kai ne. Ya ce duk dannawa ɗaya mai take fesawa ciki, kuma wutar ba ta kamawa, ga shi man ya taru har ya kwanta. In ya kama yanzu, ba injin kaɗai zai tafi ba. Baba, ɗakinka ne a samansa.

Na san kai ka kafa shi da hannunka, kuma shekara talatin dannawar nan tana tashinsa. Don Allah yau kada ka gwada. Na hura murhun kicin, akwai itace da burodi, ka zauna can da bargo.

Na kulle ɗakin injin. Makullin da kake ɓoyewa cikin gwangwanin ƙusoshi ma yana jakata, ka yi haƙuri. Ka tanadi faɗanka, so nake in dawo in same ka ka yi mini shi.

Herminia