Ɗaurin Fatar da Bai Iso Shago Ba

Talata, bayan isha'i

Na kasa cin tuwo. Wata biyu ke nan fatu suna ɓacewa tsakanin majema da shagonmu na takalma a kasuwar Kurmi. Ni na dage sai an sayi 'yar na'urar nan mai nuna inda kaya suke, don a raina Malam Bukar direba nake zargi. Allah ya yafe mini.

Da la'asar na duba waya. Ɗaurin jar fatar da na cusa wa na'urar bai iso shago ba. Ɗigon da ke nuna inda na'urar take yana tsaye a unguwar Zaitawa, daidai gidan yayana Sani. Sau uku ina kashe wayar ina kunnawa, ko gezau.

Da magariba Baba ya tare ni a zaure. "To, abin naka ya kama ɓarawon?"

Na ce, "Baba, sabis ne ya ɗauke."

Ya ce da safe in kawo wayar ya gani da idonsa, a gaban ma'aikata.

Yaya Sani ne ya koya mini riƙe wuƙar yankan fata. Amma in na yi shiru, Malam Bukar za a sallama, da 'ya'yansa bakwai. Na sake dubawa yanzu. Ɗigon yana nan, ba ruwansa da ɗan'uwa.