Shaida Ɗaya Tilo a Mararrabar Jekadafari

Zuwa ga Suwaibatu, sanyin idona, ruwan farkon damina, nonon safe da ba a sirka ba, inuwar dogonyaro a tsakiyar bazara, kuma shaida ɗaya tilo a shari'ata da yayanki.

Bayan gaisuwa irin ta mai karyayyen ƙugu, wadda ake yi a kwance. Wasu a gidan biki suke haɗuwa da masoyansu, wasu a hanyar Islamiyya. Ni kuwa Allah ya aiko mini da ke a motar yayanki Hamma Safiyanu, a guje, ta gefen hagu, ko hon babu. Kin tuna? Na fito daga Bagadaza zan shago, ina bisa babban titi, hanya tawa ce. Ku kuma kuka ɓullo daga lungu a mararrabar Jekadafari, inda sojoji suka jibge buhunan yashi har ba a hango mai zuwa. Yayanki bai tsaya ya leƙa ba, wai tsayuwa kusa da shingen soja haɗari ne. Sai ya zo ya tsaya a cikin ƙofar motata.

Ƙara ta tashi, gari kuwa a tsorace yake da bam. Mai shayi ya bar tukunyarsa, 'yan acaɓa suka zubar da babura, mai gyaɗa ta watsar da tire. Shi ma yayanki, namijin duniya, ya buɗe mota ya bi su, yana gudun bam ɗin da shi ya tayar! Ke kaɗai kika tsaya. Kika leƙo ta tagar da ta farfashe, kika cire gyalenki kika ɗaure mini cinya, kina salati. Haƙarƙari ya karye, ƙugu ma haka, amma wallahi abin da ya fi damuna a lokacin shi ne ban san sunanki ba.

Ya ke tauraruwar asubahina, wane likita ne ya yi aikin da kunun gyaɗarki ya yi? Kin riƙa zuwa asibiti da sunan dubiyar da yayanki ya kasa zuwa, har na fara jin haushin sauƙin da nake samu.

To ga inda muke. Dattawa sun zo sun ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, kuma da na haƙura in da Hamma Safiyanu ya ce mini ko da sannu. Maimakon haka ya gaya wa 'yan sanda wai ni na tsallako masa. Baffana ya fusata, ya ɗauki Barista Alfred, aka shigar da ƙarar neman diyya. Lauya ya karaɗe mararrabar nan yana neman shaidu. Kowa ya ji, babu wanda ya gani, don duk ƙeya suka ba mu. Saura ke. Yana so a aiko miki da sammaci, ki dafa Alƙur'ani a gaban alƙali.

Ya zan yi da raina, hasken zuciyata? In kin faɗi gaskiya na ci shari'a, amma da wane ido Babanku zai karɓi gaisuwar wanda ya sa 'yarsa ta kayar da ɗansa a kotu? In kin kare ɗan'uwanki na rasa shari'a, na kuma rasa yarinyar da ta tsaya ranar da maza suka gudu. Ina tsoron rasa ki fiye da yadda na ji tsoron rasa ƙafata.

Jiya na ce wa Barista ya janye ƙarar. Ya dube ni ya tambaya ko an duba kaina a asibiti. Baffa ya daina yi mini magana. Ba don na yafe ba ne, kar ki ɗauke ni waliyyi. Ba na so ne a sa ki zaɓa, kuma ina tsoron in ji wanda za ki zaɓa.

Diyyar da nake nema yanzu ba alƙali ke bayarwa ba, Babanku ne. Da zarar na miƙe zan zo gidanku a Manawashi da sandata, ina ɗingishi tun daga bakin layi, don duk unguwa ta ga shari'ar da ba a yi ba. Ki gaya wa Hamma Safiyanu shi nake so ya shigar da ni zaure. Amma ya taho mini ta gaba, inda zan gan shi.

Naki ke kaɗai, a tsaye ko a dogare, har ranar da za a ɗauke ni,
Bamanga