Filas ɗin Saraya

Alhamis, da dare

Jiya Talatu, matar ɗana, ta tafi gonar citta da cikin wata takwas, rafi ya cika, ba ta dawo ba.

Da asuba masu nema suka taru a coci, muna shirya jaka. Danjuma, shugabanmu, ya ce abinci marar nauyi kawai, gyaɗa da ƙuli-ƙuli da biskit. Matata Saraya ta kawo filas cike da kunun acca. Ya ce, “Mama, ruwa za mu ƙetare fa, ba biki za mu ba.” Ni ma na goyi bayansa, har da tsawa. Ashe ta cusa shi a jakata.

Mun sami Talatu a bukkar gona, jaririya a ƙirjinta! Ita kaɗai ta haihu. Jikinta na kyarma, ta kasa tauna ko gyaɗa ɗaya. Ina laluben tsumma a jakata na ji filas. Ta sha, ta sha, sannan ta ce, “Baba.”

Na yi jika, Ubangiji, na gode. Suna asibiti lafiya.

Saraya kuwa, filas ɗin kawai ta miƙo mini in wanke.