Jijiyar Gaban Cinya

Alhamis, 15 ga Oktoba, 1981
Asibiti. Matata Balki ta kawo min littafina na lakkol, wato na makaranta, da biro, wai in rage tunani. Shekaranjiya amalanken shanu ya kife da ni a hanyar Bangi, muna kwaso dammunan hatsi. Ƙashin cinyar dama ya karye. Ni Kalla, da ba a taɓa kai bayana ƙasa a filin kokowa ba, na yi ta ihu a gaban mata.

Lokotoro, wato likita, ya lalubi matsematsina da yatsa, ya soka allura. Kafin a gama ɗaura ƙarfen jan ƙafa, ciwon ya kwanta. Na tambaye shi ko tsafi ne. Ya ce akwai wata jijiya da ke fitowa daga baya, ta bi nan ta gangara gaban cinya, ita ya sa barci. Da la'asar ta farka. Ashe barcin ya fi.

Juma'a, 20 ga Nuwamba
Ana kokowa a Madawa. Daga kan gadon nan na ji a rediyon wani majinyaci. Isufu na Galma, wanda na kayar bara, shi ya yi zarra.

Asabar, 9 ga Janairu, 1982
An sallame ni. Ƙashi ya haɗe, amma gwiwa ba ta miƙewa. In na taka sai ta lanƙwashe kamar kara. Gaban cinya kuma ko an tsunkule ni ban ji.

Mutanen gari sun ce allurar ce ta kashe ƙafar. Na faɗa wa lokotoro haka a fuskarsa. Bai yi fushi ba. Ya ce maganin allura tun ranar ya fita, ƙarfen amalanken ne ya murƙushe jijiyar. “Tana iya tohowa, sannu sannu. Tana iya ƙi.” Na ce wanne ne nawa? Ya ce Allah ya sani.

Laraba, 17 ga Fabrairu
Na faɗi a bakin masallaci. Tsofaffi ne suka ɗaga ni. Tsofaffi!

Lahadi, 7 ga Maris
Cinyar ta tsotse, ta koma kamar ta wani. Balki na murza ta da man shanu safe da yamma. Yau na daka mata tsawa ba dalili. Ta ce, “Maigida, ƙafar na aura?” Ta ci gaba da murzawa. Ban iya kallonta ba.

Talata, 6 ga Yuli
Ruwa ya sauka. 'Yan'uwan Balki ne suka nome gonata, ina zaune a gindin gawo ina miƙa musu fura.

Litinin, 23 ga Agusta
Wani abu kamar tururuwa na yawo a cinyar, daidai inda ta mutu. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 20 ga Oktoba
Isufu ya zo har gida. Na sa aka ce ina barci, ya zauna a zaure har na gaji na fito. Ya ce akwai wani ƙato daga Buza da ya gagare shi. “Kai ka san shi, Kalla. Ta ina ake shigarsa?” Na ce ya tambayi masu ƙafa biyu. Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya tafi.

Juma'a, 12 ga Nuwamba
Kokowa a garinmu jiya. Kan jaki na je, don kawai gida ya ishe ni da zafi. Na zauna can baya. Makaɗa sun gan ni, ba su yi min kirari ba, gara haka.

An haɗa Isufu da mutumin Buza. Mutumin yana sakin hagunsa in ya gaji, har yanzu bai daina ba. Isufu bai lura ba, sakarai. Sai da aka faɗa masa da ƙarfi daga can baya.

Balki ta ce har cikin gida ta ji muryata. Ƙarya take. Maƙogwarona dai yau a dishe yake, wataƙila mura ce.