Mu Uku Muka Rage a Gaɓar Yanbu

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Innayatu da yara? Mu nan Madina lafiya lau, sai dai kafaɗata da ta daina jefa fatsa nesa, amma da sauƙi.

Yaya, ƙungiyar masu fatsa a bakin teku da Baba ya kafa tana mutuwa a hannuna. Da can mota biyu muke cikawa zuwa Yanbu duk Asabar, yanzu mu uku muka rage. Na miƙa wa ɗana Ammar sandar fatsar Baba, ya ce min da Larabci, "Sai wani lokaci," bai ko taɓa ta ba.

Ranar Juma'a za mu yanke shawarar watsewa. Don Allah ka kira Ammar kafin nan, kai yana jin maganarka. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Siddiq