Muryar da Ba ta Yi wa Baba Gardama Ba

Zuwa ga ƙanwata Lauya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfin tsayuwar da kike yi a kan marasa lafiya a asibitin nan naku, ya kare ku daga duk abin ƙi. Mu nan muna godiya. Mama gwiwarta ta yi sauƙi, har ta koma share tsakar gida da kanta tana cewa ba mu iya ba. Babban ɗana ya fara koyon tuƙi, ƙofar gidanmu ce ta fara shaida hakan.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani, kuma na san fushi kike yi da mu duka tun ranar da kika kira Baba ya kashe wayar a kunnenki. Na kira ki ba adadi kin ƙi ɗagawa. Ban ga laifinki ba, amma ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci, ko da yake na san wannan ba halinki ba ne.

Kin san Baba da waya. A wurinsa saƙo baƙo ne, ba a barin sa a bakin ƙofa. Ko kamfanin waya ne ya turo talla sai ya ajiye agogon da yake gyarawa, ya cire gilashin nan na ido ɗaya, ya rubuta musu cewa ya gani ya gode. Mun yi dariya mun gaji. To kwanakin baya sai ga saƙo daga lambar tsohon abokinsa Direba, wai katin gayyata ne, a taɓa a buɗe. Baba ya taɓa, bai ga kati ba. Wayar ta nemi izinin wasu abubuwa, shi kuma ya yi ta ba ta, don a ganinsa rashin kunya ne ka hana abokinka shiga. Har ya rubuta wa Direba cewa katin bai fito ba amma Allah ya sa alheri. Ashe shi ma Direba an riga an ƙwace masa wayar ta wannan hanya, ba shi ya turo ba.

Mai gyaran waya na bakin kasuwa ne ya yi mana bayani daga baya. Ya ce wata muguwar manhaja ce ta shige ta ɓuya, tana kwasar duk abin da ke ciki tana tura wa masu ita: lambobi, hotuna, da saƙonnin murya. Kin san kuwa Baba bai taɓa goge saƙon muryarki ko ɗaya ba. Idan shago ya yi shiru su yake kunnawa, agogunan bango na ta bugawa ke kuma kina ta yi masa faɗa a kan sukari. Da waɗannan suka haɗa murya irin taki. Mai gyaran ya ce ba mu kaɗai ba ne, irin mutanen nan sun taɓa rufe wa wani kamfani kwamfutocinsa gaba ɗaya, sun tsayar da aiki a wani ofishin gwamnati. Ni dai na ce masa kamfani yana da masu gadinsa, tsoho mai gyaran agogo wa yake da shi?

Da hantsi suka kira shi, yana shago. Muryarki ce, Lauya, har da 'yar shaƙewar nan da kike yi in kin yi kuka. Ta ce mota ta buge ki, kina kwance, maigidanki ba ya gari, a tura kuɗi yanzu kuma kada a gaya wa Mama. Maƙwabcinsa mai ɗinki ya ce ya ga Baba ya fito ba hula, ya bar shago a buɗe, ƙananan kusoshi sun watse a ƙasa. Bai kai bakin titi ba jiri ya kwashe shi. Mai ɗinkin ne ya kira ni, ni kuma na kira maigidanki, ya ce ai ga ki can wurin aiki lafiya lau. Kuɗi ba su tafi ba, amma jinin Baba ya hau sosai, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Mun ɓoye miki don kada hankalinki ya tashi, na roƙi maigidanki ma ya yi shiru. Yanzu na ga ɓoyewar ba ta amfane mu da komai ba.

Ranar da kika kira, bai daɗe da dawowa gida ba. Ina zaune kusa da shi. Ya ji kin ce "Baba", sai ya kashe, ya kife wayar a kan tabarma. Na ce masa wallahi ke ce. Ya ce waccan ma ai ke ce.

An wanke wayar tas, an canja duk lambobin sirri, amma Baba bai dawo daidai ba, kuma wannan ne ke hana ni sukuni. Ya daina amsa saƙon kowa. Wayar tana cikin aljihun tebur tare da matattun agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Saƙonninki na murya sun tafi wurin wankewar, don haka shagon shiru yake. Abinci sai Mama ta tsaya a kansa. Mutumin da ya yi shekaru yana gane ciwon agogo da kunne kawai, yau ya ce kunnensa ya ci amanarsa. Amma duk ranar hutunki, lokacin da kika saba kira, sai in ga ya buɗe aljihun ya duba ya mayar. Ina jin tsoro, Lauya. Ina tsoron kada ya saba da shirun nan, ke ma ki saba, a wayi gari ɓarayin da ba mu taɓa gani ba sun raba uba da 'yarsa.

Shekaranjiya na kai masa shayi shago, ya sa sukari cokali bayan cokali yana kallona, ban hana shi ba. Sai ya ture kofin. Ya ce shi abin da ke cin sa, ya kamata ya gane tun a wayar. Wai ya ce wa muryar ta kwantar da hankalinta, ta ce to Baba. Ya ce kada ta motsa, ta ce to Baba. Ya ce ta ba shi likita su yi magana, ta ce to Baba, bari ya zo. Sannan ya dube ni ya ce, "Yarinyar da tun tana goye take musu da ni, yaushe ta taɓa ce mini to ba ta kawo hujja ba? Ba don banza na sa mata Lauya ba."

Don haka ga roƙona. Ranar hutunki ki kira lambata, zan kasance a shago in miƙa masa. Kada ki yi kuka, kada ki lallashe shi, waccan ta riga ta ɓata mana wannan hanyar. Ki tambaye shi wa ya ba shi izinin shan sukari, da dalilin da ya sa yake tsallake maganin rana, don yana tsallakewa. Duk abin da ya faɗa ki ce ba haka ba ne.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki rage aiki. Kawu mai kanti da Gwaggo suna gaisuwa, haka ma mai ɗinki. Ki shafa mini kan yara, ki gaida maigidanki da godiya. Baba bai ce a gaishe ki ba, amma da ya ga ina rubutu ya tambaye ni ko takarda tana daɗewa a hanya.

Taki har kullum,
Yayarki